ULLAIƘ BA ƊINYA BA NE: KU SAN ITACEN KAFIN KU SHA GANYENSA

Bismillahir Rahmanir Rahim.


Allah Ya bai wa marasa lafiyarmu sauƙi.

Wani bawan Allah ne ya jawo darasin yau. Ya zo mini satin da ya wuce bayan la'asar da ƙullin gari a leda, an rubuta "ullaiƙ" da biro a jiki. Ɗansa ɗan wata 14 ya kwana biyu yana gudawa. Ya karanta a waya cewa littattafan magabata sun ce ullaiƙ yana tsayar da ciki, ya tafi kasuwa nema, mai magani ya auna masa wannan garin ya ce ai ganyen ɗinya ne, wai ita ce ullaiƙ da Hausa. Ya zo ne in gaya masa cokali nawa zai dama wa yaron. Na ce Malam, ajiye garin nan, je ka ɗauko yaron ku wuce asibiti, a fara ba shi ruwan gishiri da sukari tun a hanya. Alhamdu lillahi, yaron ya miƙe. To, kuskure biyu ne a cikin ledar nan. Garin ba ullaiƙ ba ne. Kuma ko da shi ne, ba maganin wannan yaron ba ne. Mu ɗauke su ɗaya bayan ɗaya.

*Wane itace ne ullaiƙ?*

Sunan Larabci ne, daga tushen kalmar da ke nufin maƙalewa. Daga wannan tushen ne mu ma muka samo kalmar alaƙa. An sa masa sunan ne saboda halinsa: duk abin da ya gifta sai ya kama shi, riga ce, gashin tunkiya ne, fatar hannu ce. Masana tsirrai suna kiran danginsa Rubus, kuma sun sa shi gida ɗaya da furen wardi da tuffa. Turawa kuwa sunan da suke kiransa kun san shi ba ku sani ba. Waɗanda suka riski yayin wayar BlackBerry, sunan 'ya'yan wannan itacen ne aka sa mata, saboda ƙananan maɓallanta sun yi kama da ƙwayoyin da ke jikin ɗan itacen.

Idan kana son siffarsa ta zo maka kusa, tuna sarƙaƙiya. Ba bishiya ba ce mai gindi da inuwa. Duhuwa ce ta rassa masu ƙaya, dogaye, suna tashi su lanƙwasa kamar baka, su hau kan juna, su hau shinge, su hau duk abin da suka samu. Ƙayarsa gajera ce mai lanƙwasa baya, shi ya sa in ta kama ka, ja da ƙarfi sai ya ƙara maka rauni.

Akwai wani abin mamaki a rayuwarsa. Saiwar tana daɗewa shekaru masu yawa a ƙasa, amma kowane reshe shekara biyu kacal yake yi. Shekarar farko ba ya fure, ba ya 'ya'ya, tsawo kawai yake yi da ganye, yana iya kai mita da dama a damina ɗaya. Shekara ta biyu sai ya fitar da ƙananan rassa a gefe, su yi fure, su yi 'ya'ya, daga nan reshen ya bushe. Kafin ya bushe saiwar ta riga ta turo sababbi. Sannan idan bakin reshe ya sunkuya ya taɓa ƙasa mai laima, nan take yake yin saiwa ya zama sabon gindi. Tafiya yake yi, kun gane? Taki ɗaya kowace shekara. Tsuntsaye kuma su ci 'ya'yan su kai irin wani wuri a cikin kashinsu. Subhanallah.

Ganyensa a haɗe yake, 'yan ganye uku ko biyar a kan sanda ɗaya, bakinsu kamar haƙoran zarto. Saman kore ne sosai, ƙasan ya fi haske, wani har fari-fari da laushin gashi. Juya shi ka shafa jijiyar tsakiya a hankali, za ka ji ƙananan ƙayoyi. Ku riƙe wannan alamar, za mu dawo kanta. Furen fari ne ko mai ɗan ja-ja, fuka-fukinsa biyar, ƙudan zuma na sonsa ƙwarai. Ɗan itacen kuma ba ƙwallo ɗaya ba ne. Taron ƙananan ƙwayoyi ne manne da juna, kowace da ɗan irinta a ciki, duka girmansu bai wuce kan babban yatsa ba. Yana farawa kore, ya koma ja, sai ya nuna ya zama baƙi mai sheƙi. Jan ɗanye ne, tsami da bauri. Baƙin ne ake ci.

Yanzu ɗora wannan a kan ɗinyar da ka sani. Ɗinya babbar bishiya ce, ana hutawa a inuwarta, ba ta da ƙaya, ɗanta guda ne da ƙwallo ɗaya mai tauri a ciki. Abin da ya haɗa su baƙin 'ya'ya ne da ganye mai yatsu biyar, shi ke nan, ko dangi ba su haɗa ba. Ɗinya tana da nata alherin, muna shan 'ya'yanta, ana yin maɗi da su, ana cin ɗinkinta. Amma ba halal ba ne a ɗauki bayanin wani itace a ɗora mata don a sayar da gari. Wannan algus ne, ko da mai yin sa ya yi rawani.

Haka kuma tut, wanda wasu ke shukawa a gidaje da lambuna. 'Ya'yansa sun fi kama da na ullaiƙ a ido, har Larabawa kan ce tutul ullaiƙ. Amma shi tut bishiya ce marar ƙaya, dangin ɓaure, in ka tsinke ganyensa farin ƙaro ke fitowa. Wani abin kuma, ɗalibai masu karanta Larabci ku kula: manoman Masar suna kiran wata ciyawa mai yaɗo a gona, mai fure kamar ƙaramin mazurari, da sunan ullaiƙ ita ma. Ba ita littattafan magani ke nufi ba. Suna ɗaya, tsiro biyu.

Wanda ya fi tayar mini da hankali shi ne lantana, furen nan da ake shinge da shi a gidaje da makarantu, ya kuma bazu a jeji, mai ƙananan furanni ja da rawaya da ruwan goro a dunƙule ɗaya. Yana da 'yar ƙaya a kara, 'ya'yansa kuma suna taruwa su yi baƙi, wanda ya ga hoton ullaiƙ a waya zai rantse shi ne. Ba shi ba ne. Ganyensa guda-guda ne, biyu suna fuskantar juna, yana da kaushi, in ka murza yana da wari mai ƙarfi. Ganyen nan yana lalata hantar shanu da tumaki, ɗanyun 'ya'yansa kuma sun sha cutar da yara. Kada wanda ya dafa shi. Ke uwargida, idan akwai shi a bakin gidanku, nuna wa yara ki ce ba a ci.

*Ina yake fitowa?*

Itacen ƙasar sanyi ne. Yana son laima, yana son ya ga hunturu na gaske kafin ya yi fure da kyau. Gidansa Turai ne, da Turkiyya, da ƙasashen Sham, da arewacin Iran, da tsaunukan Maroko da Aljeriya. A can ba a ɗauke shi abin shukawa ba, shi ke fitowa da kansa a bakin daji, gefen hanya, bakin ƙorama, tsohon kango. Ire-irensa suna da yawan gaske, a Birtaniya kaɗai masana sun ƙirga sama da 300. Yana fure wajen watan Yuni da Yuli, 'ya'yan su nuna daga Agusta zuwa Satumba. Turawa sun kai shi Ostireliya a ƙarni na 19, ya fi ƙarfinsu, yau yana cikin manyan ciyayin da gwamnati ke yaƙi da su a can saboda cinye makiyaya. Awaki dai ba ruwansu da ƙayarsa, ci suke yi, har ana sakinsu a kansa don su rage shi. Akuya akuya ce a ko'ina.

A Afirka ta baƙar fata sai an hau tudu ake samun danginsa, kamar tsaunukan Habasha da Kenya da na Kamaru. A filin Kano ko Sakkwato ko Maraɗi ba ya fitowa a jeji, zafin bazara ba zai bar shi ba. Saboda haka duk wanda ya ce maka ya sassaƙo ullaiƙ a bayan gari, ka san wani abin ya sassaƙo.

Ni da idona a Ɗa'if na fara ganinsa, wata shekara da muka je umra muka hau can. Garin yana kan tudu kusan mita 1,800, iskarsa daban da ta Makka. A gefen wata gona, inda ruwa ke bi, na ga duhuwarsa. Na daɗe ina karanta sunansa a littafi, ina fassara wa ɗalibai, ashe hoton da ke kaina ba daidai ba ne. Na miƙa hannu in tsinka, ya kama mini hannun riga, sai da wani yaro ya zo ya ɓanɓare ni. Ranar na gane ma'anar sunan.

*Maganar da ake jingina masa ta addini*

Wasu masu talla suna cewa ullaiƙ ita ce bishiyar Annabi Musa, alaihis salam, don haka ganyenta waraka ne ga kowace cuta. Ga asalin zancen. A Suratul Ƙasas, aya ta 30, Allah Ya ba da labarin kiran da aka yi wa Annabi Musa a wuri mai albarka daga wajen bishiya, amma bai ambaci irin bishiyar ba. Malaman tafsiri sun kawo maganganu. Imam Bagawi, wanda ya rasu shekara ta 516 bayan hijira, ya kawo cewa Ibnu Mas'ud ya ce samura ce, Ƙatada ya ce ausaj ce, Wahbu ya ce ullaiƙ ce, an kuma ruwaito daga Ibnu Abbas cewa unnab ce. Magana huɗu ke nan, ullaiƙ ɗaya ce a ciki, kuma Wahbu bin Munabbih an san shi da kawo labaran mutanen Littafi. A gindin dutsen Sina'i a Masar akwai tsohon gidan ibadar Kiristoci da aka gina tun ƙarni na 6 na miladiyya, a harabarsa akwai duhuwar ullaiƙ da suke cewa ita ce ainihin bishiyar. Wannan faɗarsu ce. Mu abin da Alƙur'ani ya bari a rufe ba ma gina hukunci a kansa, balle mu gina ciniki. Ko da ta tabbata ita ce, ayar ba maganar magani take yi ba.

Sannan a duba babin magunguna da Ibnul Ƙayyim ya jera bisa haruffa a cikin Zadul Ma'ad, wanda ake bugawa daban da sunan Ɗibbun Nabawi. A harafin ainun abu shida ya kawo: inabi, zuma, dabinon ajwa, ambar, itacen ud, da adas. Babu ullaiƙ. Duk wanda ya ce maka akwai hadisi a kansa, ce masa ya faɗi littafi da babi. Jingina wa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, abin da bai faɗa ba ya fi cutar da ake neman maganinta muni.

Inda ullaiƙ yake da suna shi ne littattafan likitocin Musulunci, waɗanda suka gina ilminsu a kan gwaji da abin da suka gada daga Yunanawa. Ibnu Sina ya ambace shi a cikin Alƙanun. Ibnul Baiɗar, mutumin Malaƙa ta Andalus da ya rasu a Dimashƙa shekarar 1248, wanda ya tattara magunguna da abinci kusan 1,400 a littafinsa Aljami'u, ya kawo shi yana naƙaltowa daga Disƙuridus da Jalinus. Abin da suka tafi a kai a taƙaice: yana ɗaurewa yana busarwa. Tauna ganyensa yana ƙarfafa dasashi yana warkar da gyambon baki, ruwan dafaffen rassansa yana tsayar da ciki, har rina gashi ake yi da shi.

Me ke yin wannan aikin? Baurin da ke cikin ganyen. Sinadarin da ake kira tanin, shi ne dai wanda ke cikin bagaruwa. Kun ga yadda majema ke jiƙa fata a ruwan bagaruwa ta tsuke ta daina ruɓa? To kwatankwacin haka yake yi wa fatar cikin baki da ta hanji, a hankali: ya tsuke ta, ya rage tsattsafar ruwa, ya kwantar da raɗaɗi. Shi ya sa amfaninsa na gaskiya bai da faɗi. Kwamitin da gwamnatin Jamus ta kafa don tantance magungunan ganye ya amince da ganyen ullaiƙ a abu biyu: gudawa mai sauƙi wadda ta zo farat ɗaya, da ɗan kumburin baki da maƙogwaro. Abin da magabata suka faɗa ke nan tun shekaru ɗaruruwa. Ciwon suga, hawan jini, daji, rashin haihuwa da ake lissafawa a talla, babu ɗayansu a ciki.

Ga babban mutum, ma'aunin shi ne giram 4.5 na busasshen ganye a yini, a raba uku. Kowane sha giram ɗaya da rabi ke nan, wajen ƙaramin cokalin shayi biyu. A zuba masa tafasasshen ruwa kofi ɗaya, a rufe minti 10 zuwa 15, a tace da tsumma mai tsabta, ba da rariya ba, saboda ƙananan ƙayoyin nan. A sha tsakanin abinci. Don baki da maƙogwaro kuwa, a bari ya huce ya zama ɗumi, a kurkure, a ɗaga kai ya kai maƙogwaro, a zubar. Idan gudawa ta wuce kwana uku zuwa huɗu a daina a ga likita. Idan akwai jini ko majina a bayan gida, ko zazzaɓi, ko amai da gudawa kamar ruwan shinkafa, ba a ma fara shi ba, asibiti ne kai tsaye. Gyambon bakin da ya haura sati biyu zuwa uku bai warke ba shi ma a nuna wa likita, musamman ga mai shan taba.

Tanin yana hana jiki ɗaukar sinadarin ƙarfe da ke gina jini. Mai ƙarancin jini da mai shan maganin ƙarin jini su nisanta shi da abinci da ƙwayar magani kamar awa biyu. Mai juna biyu kada ta sha sai ta tambaya a wajen awo. Mai fama da taurin bayan gida, wannan ƙara masa zai yi.

Mu dawo kan yaron. Abin da ke kashe yaro a gudawa ba yawan zuwa bayan gida ba ne, ƙarewar ruwa da gishirin jikinsa ne. Ganye mai bauri ba ya mayar da ko ɗigo ɗaya na abin da ya fita. Yana iya rage fitar ma ka ɗauka sauƙi ya samu, alhali yaro yana bushewa. Babban mutum yana da ajiya a jiki, jariri ba shi da ita, yini ɗaya ya isa. Abin da za a yi: a sayi ƙullin ORS a kemis a haɗa yadda aka rubuta a jikinsa. In babu, ruwa mai tsabta lita ɗaya, wato ledar fiya wata biyu, sukari ƙaramin cokali shida a shafe, gishiri rabin ƙaramin cokali. A riƙa ba shi kaɗan-kaɗan da cokali, ko ya yi amai a jira minti 10 a ci gaba. A haɗa da ƙwayar zinc kwana 10 zuwa 14, miligiram 20 a rana, miligiram 10 ga wanda bai kai wata shida ba. Kada a yanke masa nono, kada a hana shi abinci. Idan idanunsa sun zurma, maɗiga ta faɗa, ya daina fitsari, ko ya kasa sha, ko barci ya yi masa nauyi ba ya farkawa sosai, a ɗauke shi ko tsakar dare ne. Maigida, kuɗin mashin ɗin nan shi ne maganin, kada ka tsaya jiran gari ya waye.

'Ya'yan itacen kuwa abinci ne mai kyau, ba na musu. A giram 100 akwai bitamin C wajen miligiram 21, sukarinsu kaɗan ne, kuma suna da harza mai tausasa bayan gida sama da giram 5. Kun ga abin sha'awa, ganye yana ɗaure ciki, nunannun 'ya'ya suna sassauta shi. Launin baƙin nan nasu dangin sinadarin da ke ba zoɓo launinsa ne. 'Yan uwanmu da ke zaune a Ingila ko Turkiyya, idan lokacinsa ya zo ku tsinka ku ci, kyauta ne. Ku guji na bakin babban titi da inda aka yi feshi, ku jiƙa a ruwa mai ɗan gishiri don tsutsar ciki ta fito, ku ci a kwana biyu don ba ya ajiyuwa.

Mu da muke nan gida fa? Gaskiya ba na ganin dalilin da zai sa magidanci ya kwashi kuɗin cefane ya sayi ɗan mazubin da aka yo odarsa a jirgi. Gwaiba ta ninka shi kusan sau goma a bitamin C. Launin kuma ga zoɓo. Baurin da ake nema don gudawa mai sauƙi ta manya yana cikin ganyen gwaiba, iyayenmu sun daɗe suna dafa shi, da sharuɗɗan nan dai da na faɗa. Don dasashi da maƙogwaro, ruwan ɗumi da gishiri yana aiki, haka ruwan bagaruwa marar kauri a kurkure a zubar, ba a haɗiya, don ta fi ullaiƙ ƙarfi nesa ba kusa ba.

Wanda kuma ya ce shi lallai ullaiƙ ɗin yake so, ko likitansa na gargajiya ya rubuta masa, to kada ya karɓi gari. Gari ba shi da shaida, kowane ganye in an daka kore ne. Ya ce a ba shi ganyen yadda yake. Ya jiƙa guda ɗaya a ruwa ya buɗe, ya duba bakin zarto, ya duba hasken ƙasan ganyen, ya shafa jijiyar tsakiya ya ji ƙaya, ya tauna kaɗan ya ji bauri ba tare da wari ba. Ya kuma tambayi mai sayarwa daga wace ƙasa aka kawo shi. In ya ce daga dajin garinsu ne, a mayar masa da kayansa.

Masu tambaya a kan ɗinya ita kanta, saƙonninku sun iso, in sha Allahu ita za mu ɗauka a darasi na gaba.

Wallahu a'alam.